Gwanzu: ku zo ku ga layin masu digiri da ke neman aiki

Assalamu alaikum jama'a. Mutanen Garwa, Marwa da Ngaundare, da 'yan uwanmu na Kusseri har zuwa Njamena a tsallaken gada, ina gaishe ku. Nan Gwanzu, a kudancin Chaina, ƙarfe tara na safe ne, ku kuwa can ƙarfe biyun dare, sai kun tashi sallar asuba za ku tarar da wannan bidiyon.

Saƙonninku suna iso ni. Rabinsu magana ɗaya ce: a samo wa wane aiki a Chaina. Goggo ta aiko, Kawu ya aiko, har wani dattijo da ban sani ba ya turo mini hoton takardun ɗansa tun daga na firamare. Ban ga laifin kowa ba. Wanda ke kallon dogayen gine-gine da jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a awa ɗaya a wayarsa, dole ya ɗauka aiki a nan tsintarsa ake yi a bakin titi. Shi ya sa yau na ce gani ya kori ji, na kawo ku taron neman aiki da aka shirya a zauren wasanni na wata jami'a. Satumba da Oktoba su ne lokacin da kamfanoni ke zagaya jami'o'i suna ɗibar sababbin ma'aikata, sai kuma a sake wani zagayen a Maris da Afrilu.

Bari in juya muku kyamara. Kun ga layin nan? Ya fito daga ƙofar zauren, ya bi gefen filin ƙwallo, ya sha kwana ta bayan wancan ginin. Wanda ya je filin wasan Roumdé Adjia na Garwa ranar da Najeriya ta buga da Masar a 2022 ya san irin wannan cunkoson, sai dai nan babu ihu, babu mai turereniya. Kowa ya sunkuya kan waya. Farar riga, baƙin wando, 'yar jakar roba a hammata cike da kwafin takardar tarihin karatu. A ƙofa ba wanda zai tambaye ka ɗan wa ne kai. Ka nuna lambar da ka yi rajista da ita a WeChat, manhajar waya da kowa ke amfani da ita a nan, na'ura ta yi ƙara, ka wuce.

To mun shigo. Teburi ne jere-jere a kan filin ƙwallon kwando, kowane kamfani da allonsa: sunan aikin, mutum nawa ake so, albashi nawa. Ku duba wannan. Mutum uku suke nema, ku ƙirga waɗanda ke tsaye a gaban teburin, ni dai na gaji da ƙirga tun kafin in kai tsakiyar layin.

Na ɗan tsaya a bayan wata yarinya don in ga yadda ake yi, ba zan nuna fuskarta ba. Ta miƙa takardarta da hannu biyu, kamar yadda ake yi a nan in ana girmama mutum. Matar da ke zaune ba ta fara da kallon fuskarta ba, yatsa ta ɗora a saman takardar, daidai inda sunan jami'a yake. A ƙasar nan akwai rukunin manyan jami'o'i da ake kira 985, su 39 ne kacal, sai rukunin 211 da suka ɗan haura ɗari. In sunan makarantarka na ciki, za a ɗago kai a yi maka tambaya biyu uku. In babu, sai a yi murmushi a ce ka je za a neme ka. Tulin takardu biyu ne a kan teburin, ƙarami a dama, babba a hagu. Ta yarinyar nan hagu ta tafi. Ta ce na gode, ta ɗan rusuna, ta zaro wani kwafin daga jaka ta shiga layin teburi na gaba. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Shekara huɗu na karatu ke nan, ban da shekarun da ta yi tana kwana kan littafi don ta ci jarrabawar shiga jami'a.

Ga abin da ya sa. A 2025, ɗalibai miliyan 12.22 ne suka gama manyan makarantu a Chaina. A 2024 miliyan 11.79 ne. Ku tuna Kamaru gaba ɗayanta, da jarirai da tsofaffi, wajen mutum miliyan 30 muke. A farkon shekarun 2000, masu gama jami'a a shekara kusan miliyan ɗaya ne kawai. Gwamnati ce ta buɗe ƙofar jami'o'i a 1999, iyaye suka yi ta tura 'ya'ya, kuma a lokacin lissafin ya yi daidai, don tattalin arzikin ƙasar ya shafe kusan shekara talatin yana ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin ɗari a shekara. Yanzu ya sauko kashi 5. Mu da za mu samu kashi 5 ɗin a jere ai da mun yi walima, amma su bai isa ya shanye wannan ɗimbin masu digiri ba.

Sannan wuraren da ke kwashe su da yawa sun yi sanyi a lokaci ɗaya. Harkar gine-gine ta durƙushe, katafaren kamfanin Evergrande ya kasa biyan bashinsa a 2021, kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe shi a Janairun 2024. A 2021 ɗin dai gwamnati ta hana neman riba da darussan bayan makaranta, dubban malamai suka wayi gari ba aiki. Kamfanonin intanet su ma suka rage ɗiba. A Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin matasan birane 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3. Hukumar ƙididdiga ta daina fitar da adadin na wasu watanni, da ta dawo a farkon 2024 sai ta cire waɗanda ke makaranta daga lissafin. Duk da haka a Agustan 2025 kashi 18.9 aka sanar.

Kada wani ya ce ai Chaina ta talauce, a'a. Ku fita nan ku shiga Dongguan ko Foshan, za ku ga masana'antu sun manna takarda a ƙofa suna neman hannu. Aiki akwai. Wanda ya dace da digirin ne ya yi ƙaranci. Yaron da uwarsa da ubansa da kakanninsa huɗu suka haɗa kai suka yi masa karatu, shi kaɗai ne ɗansu, da wane ido zai koma ƙauye ya ce yana ɗaure kusa a masana'anta? Wasu sun gwammace su hau babur mai lantarki suna kai abinci gida-gida kafin a kira su. Waɗancan masu rigar rawaya na Meituan da kuke gani suna wucewa a bidiyona, a cikinsu akwai masu digiri. Mu ma ai mun san wannan labarin. Mai lisans nawa ne daga Ngaundare ko Marwa ke tuƙa kilando, wato babur ɗin haya, a unguwar Yelwa yana jiran sakamakon konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati?

Maganar konkur ma, suna da nasu, kuma ya fi namu zafi. Jarrabawar shiga aikin gwamnatin tsakiya ta ƙarshen 2024, mutum miliyan 3.41 aka tantance don gurabe 39,700, wato kujera ɗaya mutum sama da tamanin. Manyanmu za su tuna 2011, da aka ce za a ɗauki matasa 25,000 aikin gwamnati a Kamaru, aka kai dosiye sama da 300,000. Yayana na cikinsu, na tuna yadda ya yi ta sintiri tsakanin kotu da ofishin hakimi yana neman tambari. Dalilin guda ne nan da can: kowa na son albashin da ba ya yankewa. Nan ma har da ƙarin tsoro, don kamfanoni da yawa in ka haura shekara 35 sai su fara ja da baya da kai, ga kuma tsarin da ake kira 996, ƙarfe tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako. Kotun ƙoli ta ce ya saɓa doka tun 2021, amma ku tambayi duk wanda ke cikin zauren nan, zai ce muku a ba shi ma ya gode.

Albashin fa? Ga allon nan an rubuta yuwan 6,000 zuwa 8,000 a wata. Dubu shida ya kama wajen jaka 470 na sefa. Na san wani yanzu ya ajiye kofin shayi. Ku bari in ƙarasa. Ɗan ƙaramin ɗaki a lungunan da rana ba ta shiga, ka ware yuwan 1,500 zuwa 2,000. Kwanon taliya a shagon Musulmi 'yan Lanzhou, inda mu muke samun halal, yuwan 15 zuwa 20. Ga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga waya, ga abin da za a cire na inshora. Abin da ya rage ba zai gina gida a unguwar Poumpoumré ta Garwa ba.

Yanzu ga inda nake so iyayenmu su kasa kunne. Baƙo ba ya shiga wannan layin ya yi takara da ɗan ƙasa. Bizar karatu ba ta aiki ba ce. Kafin ka yi aiki sai kamfani ya nema maka izini, kuma a bisa ƙa'ida ana son digiri da shekara biyu na gogewa. Tun 2017 an sassauta wa waɗanda suka yi digiri na biyu a jami'o'in nan da sakamako mai kyau, amma har yanzu sai kamfanin ya yarda ya ɗauki wahalar cike maka takardu. Me zai sa ya yi, alhali ga injiniyoyi ɗari a gabansa da Sinanci ne harshen uwarsu? Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk wanda ya karɓi kuɗinku a Garwa ya ce zai kai yaro Chaina da bizar yawon buɗe ido ya samo masa aiki, ku riƙe kuɗinku. In aka kama yaron tara ce, wataƙila da tsarewa, sannan a saka shi a jirgi.

Ku biyo ni can ƙurya, akwai abin da nake so ku gani. Kun lura layin ya yi siriri a nan? Waɗannan kamfanoni ne masu aiki a waje: masu gina hanya, masu haƙar ma'adinai, masu sayar da faifan sola, babura da wayoyi. Ku karanta allon: ana neman mai jin Faransanci, wurin aiki Kongo, Gini, Kodibuwa, Kamaru, Cadi. Albashin ya fi na sauran teburan, amma yaran nan yawancinsu suna karantawa su wuce, iyaye ba sa son ɗa tilo ya tafi inda suke jin labarin zazzaɓin cizon sauro.

Na zauna da wani mai ɗibar ma'aikata a nan, ya ce kada in ɗauke shi, don haka ni zan ba ku labari. Da ya ji daga arewacin Kamaru nake, sai ya ambaci Lagdo. Ya san mutanensu ne suka gina dam ɗin a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982. Ya tambaye ni harsunan da nake ji, na ce Sinanci, Faransanci, Fulatanci, Hausa. Bai san girman Hausa ba sai da na buɗe masa taswira na nuna masa daga Garwa zuwa Kano, Damagaram, Yamai, har zango-zangon Gana. Nan take ya ajiye biro ya zaro waya ya ce mu haɗu a WeChat. Tambayoyinsa duk na kasuwa ne. Nawa ake sayar da batirin sola a Marwa? Kaya daga tashar Duwala kwana nawa suke yi kafin su kai Njamena? Manomin auduga yaushe kuɗi ke shiga hannunsa? Babu tambaya ɗaya a kan makin da na ci a aji. Na ce masa ya saurari lokacin da Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, ke biyan manoma, a lokacin ne babur da rediyo ke tashi a kasuwannin ƙauye. Ya rubuta.

A ganina ƙofar yaranmu ke nan. Kamfanin Transsion da ke Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, da kasuwar Afirka ya yi arziki, kuma masu son bin sawunsa ba su ƙirguwa. Matatar man Jarmaya da ke arewa da Njamena, wadda aka buɗe a 2011, da kamfanin man Chaina aka yi ta. Irin waɗannan wuraren suna buƙatar wanda zai tsaya tsakanin injiniya da lebura, tsakanin kamfani da lawan ko lamiɗo. Wanda ke son wannan hanyar ba sai ya fara da tikitin jirgi ba, ana koyar da Sinanci a Jami'ar Marwa. Ya fara can, ya ci jarrabawar HSK ta gwajin iya Sinanci, sannan ya nemi gurbin karatu ta hanyar da ta dace.

Sai dai a buɗe ido wajen sa hannu. Kamfani zai iya ɗaukar ka a Gwanzu, ya kai ka Yawunde, sannan ya biya ka a matsayin ma'aikacin gida, ɗan ajinku ɗan Chaina da kuka zauna benci ɗaya yana karɓar ninkin naka har da kuɗin zaman waje. Ka tambaya tun a teburin: da yuwan za a biya ko da sefa, wa zai biya masauki da asibiti, za a yi maka rajista a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata na Kamaru, ko a'a. A rubuta, kuma ka karanta na Sinancin da na Faransancin duka, don wani lokaci ba abu ɗaya suke faɗa ba.

Batirina ya yi ja. Daga nan Xiaobei na nufa, unguwar da 'yan Afirka ke taruwa a Gwanzu, alhazanmu sun iso baje kolin Canton da aka buɗe ran 15 ga wata, akwai Baffana a cikinsu, ya ce in zo mu ci tuwo in duba masa wata takardar kwantena. Masu tambayar kuɗin makaranta da yadda ake neman tallafin karatu, ku rubuto tambayoyinku da Hausa ko Faransanci, su zan ɗauka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in Allah Ya kai mu.