Sharhi: Kafin a ce an gano sabon mazari

Jama'a masu saurare, a shekarar 2005 masana biyu, Viola Clausnitzer da Klaas-Douwe Dijkstra, suka gabatar wa duniya wani mazari da ba a taɓa rubuta shi ba, daga rafukan dajin Dutsen Elgon na ƙasar Kenya. Ba mazarin kaɗi ba fa, ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin ruwa. Suka raɗa masa suna Notogomphus maathaiae, don karrama Wangari Maathai, 'yar Kenya mai fafutukar kare muhalli.

Kamun ma ba wasa ba ne, domin galibi mazari sai da rana yake tashi, a kan dutse kuwa hazo na iya rufe rafi yini guda. To amma babban aikin yana bayan ragar kamu.

Da ya shiga hannu sai a ɗauki hotonsa yana da rai, saboda shuɗi da koren jikinsa, musamman na idanu, kan dushe bayan ya mutu. A cire ƙafa ɗaya a jefa cikin sinadarin ethanol don gwajin ƙwayoyin halitta. A haɗe fukafukan ta baya, a miƙar da ciki, a sa shi a ambulan, a jiƙa cikin sinadarin acetone ya kwana. Sinadarin yana janye kitse da ruwa. In babu shi, damshin daji zai sa ya ruɓe ko ya yi fumfuna. A rubuta wuri da kwanan wata da tsayin wurin, da fensir, domin acetone na wanke tawada.

Kuskuren sabon shiga shi ne dogara da launi. Launi kan sauya da shekarun ƙwaron, kai, wanda bai jima da fitowa daga ruwa ba jikinsa taushi ne, yana bushewa sai ya yamutse. Hujjar tana ƙarshen cikin namiji, wato 'yan ƙugiyoyin da yake riƙe tamata da su, da gaɓar barbara da ke ƙarƙashin gaɓa ta biyu ta ciki. Su ake dubawa da madubin ƙara girma, a zana, a gwada da tsofaffin samfura na gidajen adana kayan tarihi, kada a sake wa wanda aka riga aka sani suna.

Sannan a ware guda ɗaya ya zama ma'aunin jinsin, a ajiye shi inda kowane masani zai iya dubawa, a buga bayanin a mujallar kimiyya. Ta wannan hanya ce Dijkstra da abokan aikinsa biyu suka bayyana sababbin jinsuna 60 na Afirka a mujallar Odonatologica a 2015.