Idan masana'anta ta fara durƙushewa, laifin wa?

Assalamu alaikum. Ina godiya ga shugaban taro da duk waɗanda suka halarta.

Jama'a, duk sanda masana'anta ta shiga halin ni-'yasu, ku saurari abin da manya ke fara faɗa. Ma'aikata ne malalata, ƙungiyar ƙwadago ce ta cika tsageranci, kasuwa ce ta lalace. Da wuya ka ji manaja ya ce tsarinmu ne bai yi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari in kai ku Amurka, garin Fremont da ke jihar Kalifoniya. A da, kamfanin General Motors yana da masana'antar haɗa motoci a can, wadda ta yi ƙaurin suna. Fashin zuwa aiki ya kai kusan kashi 20 cikin 100, yajin aiki ba ƙaƙƙautawa, motoci suna fitowa da aibu iri-iri. A 1982 aka rufe ta, aka ce ma'aikatan ba sa gyaruwa. A 1984 aka sake buɗewa da sunan NUMMI, haɗin gwiwa da Toyota, kuma Toyota ce ke tafiyar da aikin. To ga abin lura: mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka yi wa tambarin lalaci, har da shugabannin ƙungiyarsu. Ba a jima ba motocin wurin suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk kamfanin General Motors, fashin aiki kuma ya faɗi warwas.

Me aka canza? A da, doka ita ce layin haɗa mota ba ya tsayawa ko me ya faru. Ma'aikaci ya ga ƙusa ba ta ɗauru ba, ya kawar da kai, don in ya tsayar da layi shi za a tuhuma. Motar ta wuce, a ɗora wasu sassa a kan kuskuren, sai a ƙarshe a zo ana warwarewa. Toyota ta rataya igiya a saman kowane ma'aikaci. Ka ga matsala, ka ja. Shugaban rukuni ya taho da sauri, ba don ya yi maka tsawa ba, sai don ya taya ka gyarawa. In abin ya gagara, layi ya tsaya. An kwashi ɗaruruwan ma'aikatan zuwa Japan sun ga tsarin Toyota da idonsu. Kuma da ciniki ya ja baya a 1988, ba a sallami kowa ba, horo aka ƙara musu.

Ni a ganina nan ne gizo ke saƙar. Mugun shugabanci yana toshe hanyar da labari mara daɗi ke bi ya hau sama. Mai aiki da inji shi ne farkon wanda ke jin ƙararsa ta sauya. In ya faɗa aka ce ya cika ƙorafi, gobe zai ja bakinsa. Rahoton da ke isa ofis kullum lafiya lau ne, har ranar da injin zai tsaya cak.

Kuma ku duba inda ake fara tsimi idan kuɗi ya yi ƙaranci: a ɗage sabis ɗin injuna, a daina sayen kayan gyara, a soke horo, a bar mutum ɗaya da aikin mutum biyu. A takarda an rage kashe kuɗi. A zahiri an ƙara lalatattun kaya da haɗurra, ƙwararru masu mafita sun kama gabansu, an bar waɗanda ba su da wurin zuwa.

Wani zai ce, Malam, ai akwai gasar kasuwa da tsadar makamashi. Gaskiya ne, ba kowace rufewa ce laifin manaja ba. NUMMI ɗin ma an rufe ta a 2010, bayan General Motors ya yi fatara a 2009. Amma ko a faɗuwar, a tambaya wa ya ɗauki asara.

A Ingila, a shekarar 2000, wasu 'yan kasuwa huɗu sun sayi kamfanin motoci na Rover daga hannun BMW a kan fam 10 kacal. E, fam goma, kada ku yi zaton ba ku ji daidai ba ne. A watan Afrilun 2005 kamfanin, wanda aka sauya wa suna zuwa MG Rover, ya ruguje, mutum wajen 6,000 suka rasa aiki a masana'antar Longbridge da ke Birmingham, ban da na ƙananan kamfanonin da ke kawo musu kaya. Binciken da gwamnati ta fitar a 2009 ya nuna cewa mutanen nan huɗu da babban manajansu sun kwashi kimanin fam miliyan 42 na albashi da fansho, a shekarun da kamfanin bai taɓa cin riba ba.