Sharhi: Injiniyan Takarda da Injiniyan Fili

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa, kowane malami ya san haka. Idan jarabawa awa uku ce a cikin ɗaki, kowace tambaya an ba da alƙalumanta cif-cif, aikin yaro kawai ya zuba su cikin ƙa'idar da ya haddace, to hadda zai yi. Zai tattaro tambayoyin shekarun baya, ya kwana biyu bai runtsa ba, ya ci. Bayan shekara biyar ya fito da digirin injiniya. Ranar da aka tsayar da shi a bakin kwalbatin da ruwa ya cinye aka ce, "To Injiniya, yaya za a yi?" sai ka ga yana waige-waige.

Kukan ya daɗe. Saboda shi ne Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro shirin SIWES, na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, a 1973, bayan masana'antu sun yi ta ƙorafin cewa waɗanda ake yaye musu ba su iya aikin hannu ba. Har yau ɗalibin injiniya kan tafi wata shida a shekararsa ta huɗu. Sai dai me ake dubawa idan ya dawo? Sau da yawa littafin rahoto ne mai sa hannu da hatimi. Wanda ya kwance injin da wanda ya wuni yana sayo wa oga abinci, duk makinsu ɗaya.

A 2023 hukumar COREN, wadda ke kula da aikin injiniya a Najeriya tun 1970, ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ke sa ƙasashe su amince da digirin juna. Sharaɗinta shi ne a auna abin da ɗalibi ya iya yi a ƙarshe. Wannan alkawari a teburin jarabawa za a cika shi.

Ga misali. A ce wa ɗalibai huɗu ga wani ƙauye, a tsara masa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Kada a ba su ko adadi ɗaya. Su je su ƙirga jama'a da dabbobi, su gano zurfin ruwa a watan Afrilu lokacin da yake ja baya, su lissafa tsayin tanki da asarar da ake yi cikin bututu, kafin su zaɓi famfo da yawan farantin hasken rana. Su shiga kasuwa su ji farashi da kunnensu. Sannan a ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a tambaya: ƙurar hunturu ta rufe faranti, me ka tanada? Mai gari ya ce kuɗin ya yi yawa, me za ka rage? A nan ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya laɓe a bayan abokai, kuma aikin da aka saya a kasuwa ba ya wuce minti biyar a gaban irin wannan tambaya.

Za a ce aji ya cika, malamai sun yi kaɗan, kuɗi babu. Gaskiya ne, duba takarda ya fi sauƙi. Amma ba kowane gwaji ne ke cin kuɗi ba. Ɗalibin shekara ta uku a sashen gine-gine zai iya kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, ya zuba dunƙulen kankare, a jira kwana 28 a murƙushe shi a injin gwaji, a ba shi maki kan ƙarfin da ya samu da bayanin dalilin da ya sa. Shi kuwa ɗalibin sashen injina, a gayyato tsohon mai walda daga kasuwar Panteka ta Kaduna ya zauna kusa da farfesa ranar duba aikinsa. Kallo ɗaya zai yi wa haɗin ya faɗa musu ko zai riƙe.