Wa ke saita bindigar, kai ko gem ɗin?

Jama'a, ku sa ido a kan ɗigon nan da ke tsakiyar allo. Na ɗauke babban yatsana daga sandar dama ta hannun gem, wadda ake saiti da ita, gaba ɗaya, sandar hagu kawai nake turawa ina takawa gefe. Ga abokin gaba ya gifta, ga ɗigon ya ɗan bi shi da kansa. Kun gani? Bari in maimaita a hankali. Wannan shi ne taimakon saiti, kuma gardamar da ake tafkawa a kansa ta ƙi ƙarewa ne saboda suna ɗaya ake kiran abubuwa da yawa da shi.

Abin ya daɗe. A Doom na 1993 ba ka iya ɗaga kai ko sunkuyar da shi. Idan dodo yana kan tudu, kai dai ka fuskance shi ka harba, gem ɗin ne zai kai harsashin sama. A GoldenEye 007 na 1997 kuwa, da idonka za ka ga bakin bindiga yana karkata wajen maƙiyi. Amma wanda ya gyara abin ya zauna daram shi ne Halo, wanda Bungie ya fitar a kan Xbox a 2001. Ya ɓoye taimakon sosai, har mai wasa ya riƙa jin cewa hannunsa ne ya ƙware.

To me ya sa ake buƙatarsa? Linzamin kwamfuta, iya nisan da ka ja shi, iya nisan da ɗigon zai tafi, kuma da wuyan hannu da damtse kake aiki. Sandar hannun gem ba haka take ba. Ita gudu take ba ɗigon: ka tura kaɗan ya tafi a hankali, ka tura sosai ya zabura, sannan sai ka saki a daidai lokacin da ya kamata ya tsaya. Duk wannan da yatsa ɗaya. A waya abin ya fi wuya, gilashi ne sumul, ga yatsan naka ya rufe wani ɓangare na allon.

Yanzu ku duba yadda taimakon yake aiki. Akwai wanda ke rage gudun ɗigon idan ya hau jikin maƙiyi, kamar ƙafa ta shiga laka, don kada ka zarce. Akwai wanda ke lanƙwasa harsashi kaɗan idan ka kusa samu, Halo da Destiny sun shahara da shi. Akwai mai fizgar ɗigon zuwa kan maƙiyi da zarar ka ɗaga bindiga. GTA V da Red Dead Redemption 2 ma suna iya kulle saitin a jikin mutum gaba ɗaya, shi ya sa GTA Online yake raba masu kulle da masu saita wa kansu.

Wanda na nuna muku a farko, mai juya kamara ta bi maƙiyi, shi ne ƙashin rigimar. Ɗan Adam yana ɗaukar kusan kwatan daƙiƙa kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta fahimta, yatsa ya motsa. Gem ɗin ba ya jiran wannan. Maƙiyi yana sauya hanya, ɗigon ya fara binsa nan take. Lokacin da kowa ke wasa da irin na'urarsa, babu mai ƙorafi. Da aka haɗa masu kwamfuta da masu PlayStation da Xbox a fili ɗaya, kamar yadda Call of Duty ya yi daga 2019, sai mai linzami ya ga ana cin sa a faɗan kusa da kusa ta hanyar da atisaye ba zai rufe ba. Ni a ganina ƙorafinsa yana da tushe. Kamfanonin ma sun san haka. A da a Apex Legends ƙarfin taimakon 0.6 ne a kan na'urorin gem, 0.4 ga mai hannun gem a kwamfuta, kuma a 2024 Respawn, kamfanin da ya yi gem ɗin, ya rage na kwamfutar zuwa 0.3. Sai dai mai linzami kada ya manta, daga nesa har yanzu shi ne sarki.

Masu Free Fire, ku kun san wannan a aikace. Ɗigon yana son manne wa ƙirji, shi ya sa ake jan maɓallin harbi sama don a ɓamɓare shi ya kai ga kai. Wato gwanintar a nan ita ce sanin inda taimakon zai ja ka, da lokacin da za ka fi ƙarfinsa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne a kira duk wannan maguɗi. Taimakon saiti masu gem ne suka sa shi, duk mai wasa da hannun gem yana iya kunna shi, kuma akwai mutanen da hannunsu ke rawa ko suke da nakasa, waɗanda in babu shi ba za su taɓa irin waɗannan wasannin ba. The Last of Us Part II na 2020 ya zo da zaɓuɓɓuka sama da 60 domin irinsu, har da kulle saiti. Maguɗi shi ne embot, manhajar da mutum ke sakawa a ɓoye ta karanta inda kowa yake ta ɗora ɗigon a kansa. Wannan zalunci ne ga duk wanda ya shigo wasa da zuciya ɗaya. Ana rufe asusu a kansa, kuma a 2024 wata kotu a Amurka ta umarci EngineOwning, masu sayar da irin wannan manhaja, su biya Activision, masu Call of Duty, fiye da dala miliyan 14.

In kana amfani da taimakon, ka san inda yake yaudara. Kana harbin mutum, abokinsa ya gifta ta gabansa, sai ɗigon ya bi na biyun, ka tashi a tutar babu. Daga nesa kuma ƙarfinsa raguwa yake, a wasanni da yawa har ya ɓace. Ka shiga filin atisaye, ka kashe taimakon na minti 10, ka harbi abu mai motsi. Za ka ji hannunka ya yi nauyi, kuma a nan za ka gane ko saurin juyawar kamararka ya yi maka yawa, domin taimakon yana rufe wannan aibin. Ka daidaita saurin taimakon yana kashe, sannan ka mayar da shi. Bari in nuna muku a kan wannan mutum-mutumin da ke can.