Lacca kan furosija a databes: me za a bar wa saba, me za a bar wa manhaja

To jama'a barkanmu da zuwa, na baya can kuna jina ko? Madalla. Yau maganar furosija za mu yi, wato umarnin da ake ajiyewa a cikin databes ɗin kanta (databes ita ce rumbun da ake adana bayanai) ba a cikin manhaja ba, kuma tun kafin mu yi nisa bari in faɗa muku inda na tsaya don kar wani ya ce na ɓoye masa, ni ina son furosija amma a inda ta dace, don na ga inda ta fitar da mutane kunya na kuma ga inda ta zame musu ƙarfen ƙafa.

Abin ba wuya gare shi ba. Ka ɗauki umarnin SQL, wato yaren da ake yi wa databes magana da shi, guda biyar ko goma ka haɗa su wuri ɗaya, ka raɗa musu suna, ka ajiye a saba, wato kwamfutar da databes ke zaune a kai. Daga nan manhajarka ba sai ta riƙa turo dogon rubutu ba, suna kawai za ta kira ta miƙa farameta, wato bayanin da furosijar ke buƙata kamar lambar asusu, a SQL Server da EXEC, a MySQL da PostgreSQL kuma da CALL. Shikenan fa.

Lokacin da Edgar Codd ya fito da tsarin teburori masu alaƙa a 1970 yana IBM, da kuma SQL da ya biyo baya, tunanin shi ne kai dai ka faɗi abin da kake so, databes ta san yadda za ta nemo maka, babu IF babu maimaitawa. Sybase ne suka yayata furosija a ƙarshen shekarun 1980 da yarensu Transact-SQL, Microsoft ta gaje shi tunda SQL Server daga kod ɗin Sybase ya fito. Oracle nasu PL/SQL ne, a Oracle 7 na 1992 aka fara ajiye shi a cikin databes. Ƙa'idar bai-ɗaya ta SQL/PSM sai 1996 ta zo, lokacin kowa ya riga ya kama gabansa, shi ya sa har yau furosijar Oracle ba ta gudu a SQL Server sai ka sake rubuta ta. MySQL sai a 5.0 a 2005, PostgreSQL kuwa sun daɗe da fankishin, ɗan'uwan furosija mai dawo da amsa, amma CREATE PROCEDURE sai a siga ta 11 a 2018, kuma bambancin da ya fi muhimmanci shi ne furosija tana iya yin COMMIT, wato tabbatar da canjin da aka yi ya zauna, a cikinta, fankishin ba ya iyawa. SQLite ba ta da ita kwata-kwata.

Mu ɗauki tura kuɗi daga asusu zuwa asusu. Aiki huɗu ne: duba ko kuɗin ya isa, cire daga na farko, zuba a na biyu, rubuta shaida a teburin tarihi. Wani zai ce ai malam manhaja ma tana iya buɗe taransakshan, wato ta ɗaure su wuri ɗaya, ta yi duka huɗun, in wani abu ya lalace ta yi ROLLBACK komai ya koma yadda yake. Gaskiyarka, tana iyawa. Amma ka lura, tun daga lokacin da ka kulle layin asusun nan da SELECT FOR UPDATE har zuwa COMMIT, duk wanda ke son taɓa layin jira zai yi, kai kuma kana ta kai da komowa ta netwok sau huɗu da makulli a hannunka, in netwok ya ɗan yi nauyi sai layin masu jira ya yi ta tsawo. A furosija tafiya ɗaya ce, a kulle a gama a saki. Sannan wanda ya fi damuna, yau manhaja ɗaya gare ku, gobe akwai ta waya, akwai ta burauza, akwai wani aiki da ke tashi da tsakar dare, kowanne da wanda ya rubuta shi, wallahi sai ɗaya ya manta bai rubuta shaidar nan ba, kuma ba za ku gane ba sai ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa. In ƙofa ɗaya ce kowa ta nan zai bi.

Kuma kana iya tilasta hakan. Ka hana asusun da manhaja ke shiga da shi taɓa teburin kai tsaye, ba UPDATE ba DELETE, ka ba shi GRANT EXECUTE, wato izinin kira, a kan furosijar kawai. Ko an sace fasuwod ɗin manhajar ɓarawo ba zai iya share tebur ba, iyakarsa abin da furosija ta yarda. A PostgreSQL da SECURITY DEFINER ake yin wannan. Amma don Allah ku daina cewa furosija tana maganin cusa SQL, wato mugu ya saƙa nasa umarnin a cikin abin da ya rubuto, haka kawai, in a cikinta ka ɗauki abin da mutum ya rubuto ka liƙa shi a jikin umarni sannan ka gudanar, ramin yana nan yadda yake, wuri kawai ka sauya masa. Farameta ce ke kare ka, in dole sai ka gina umarni a cikin furosija to a SQL Server ka bi ta sp_executesql ka miƙa ƙimar daban.

Sai maganar sauri, nan ne ake yawan cika baki. Za ka ji an ce furosija ta fi sauri don an riga an tsara mata hanya an ajiye. Da can haka ne, amma tun SQL Server 7.0 tambayar da manhaja ta turo da farameta ita ma ana ajiye tsarinta a sake amfani da shi. Kuma ajiyar nan tana cizo. Na taɓa aiki a wani wuri, ba zan kama suna ba, muna da furosija mai fito da odar kwastoma, kullum kafin ƙiftawar ido ta dawo, ranar nan da safe sai ta koma minti-minti, ba wanda ya taɓa kod, muka duba indes, wato jerin da ke hanzarta bincike a tebur, lafiya lau, na kwafi tambayar na gudanar da hannu ta fito nan take, kai har na fara zargin idona. Ashe da dare an sake kunna saba, wanda ya fara kiranta ɗan ƙaramin kwastoma ne mai oda uku, saba ta tsara hanya daidai da oda uku ta ajiye, da manyan kwastomomi masu dubban layuka suka zo sai aka bi da su ta wannan siririyar hanya. Shi ake kira shinshinar farameta. sp_recompile muka yi don saba ta sake tsara mata hanya, ta dawo hayyacinta, daga baya muka raba ta biyu.

Inda nake rabuwa da masoyanta shi ne masu zuba komai a ciki, lissafin ragi, tsara saƙon imel, har da yadda kwanan wata zai fito a allo. Sabar manhaja in aiki ya yi yawa sai ka ƙaro guda biyar, sabar databes kuwa ƙara ta aiki ne ja, ga Oracle da SQL Server lasisinsu da yawan kwakwalwar furosesa ake lissafawa, to don me za ka ɗora mata abin da ba nata ba? Sai masu buɗe kaso, wato CURSOR, suna bin layi ɗaya bayan ɗaya alhali UPDATE guda ya isa, wannan ban ma son in fara.

Mafi muni dai furosijar da ba ta cikin Git, wato ma'ajiyar kod mai riƙe tarihin kowane canji. Wani ya shiga saba mai aiki da rana tsaka ya yi ALTER ya fita, bayan wata shida ba wanda ya san wa ya canza, me aka canza, ko yaya take a da. Kowace furosija ta zama fayil a ma'ajiyar kod, a duba ta kamar kowane kod, manhajoji irin su Flyway ko Liquibase su kai ta saba, a gwada ta da kayan gwaji irin su tSQLt ko pgTAP.

Na ga hannu a can, na'am ƙanwata? Tana tambaya ne ko ya kamata sunan ya fara da sp_ tunda haka take gani a na Microsoft. A'a, kar ki yi. SQL Server in ya ga sp_ sai ya fara leƙa databes ta master, wato babbar databes ta tsarin kansa, kuma in sunanki ya yi karo da na wata furosijar tsarin, tasu za a kira ba taki ba. Ki sa mata sunan aikin da take yi kawai. To mu ɗan huta minti goma, in mun dawo kowa ya buɗe kwamfutarsa mu rubuta furosijar tura kuɗin nan tare.