Jan Smuts: Lauyan da ya yaƙi Ingila, ya dawo ya zauna a majalisar yaƙinta

A 1901, sojojin Ingila suna farautar wannan mutumin cikin duwatsun Afirka ta Kudu. A 1917 kuwa, ga shi zaune a Landan tare da Firaminista Lloyd George, cikin ƴar ƙaramar majalisar ministocin da ke tafiyar da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sunansa Jan Smuts.

Ɗan manoma ne daga cikin Turawan Bowa, wato jikokin Turawa, galibi ƴan Holan, da suka zauna a Afirka ta Kudu, an haife shi a 1870. Bai shiga makaranta ba sai da ya kai shekara 12, bayan rasuwar yayansa. Amma kai gare shi: ya karanta shari'a a Jami'ar Kambirij ta Ingila, kuma yana ɗan shekara 28 Shugaba Paul Kruger ya ɗora shi kan kujerar babban lauyan gwamnatin Tiransibal, jamhuriyar Bowa. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Bowa da Ingila a 1899, sai lauya ya ajiye alƙalami ya hau doki. Ya ja dakaru ƴan sari-ka-noƙe har cikin yankin Kef da ke hannun Ingila, kuma da shi aka zauna sulhun 1902.

Daga nan ya kama hannun tsoffin abokan gabarsa. A 1916 aka ba shi jagorancin rundunar da ke fafatawa da Jamusawa a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. Nan ne labarin ya taɓo mu. A ƙarshen shekarar aka kai sojojin Nijeriya wannan fage, da Hausawa da yawa a cikinsu. Smuts ya tattara ya tafi Landan a farkon 1917 yana nuna kamar an gama yaƙin. Ba a gama ba. Kakanninmu suka ci gaba da fama da yunwa da zazzaɓi da damina, shi kuma kwamandan Jamus, von Lettow-Vorbeck, bai ajiye makami ba sai Nuwamban 1918.

A majalisar yaƙin, rahoton da Smuts ya rubuta kan hare-haren jiragen sama shi ya haifar da rundunar sojan sama ta Ingila ranar 1 ga Afrilu, 1918. Ya yi firaministan ƙasarsa sau biyu, kuma da hannunsa a rubuta gabatarwar kundin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, inda aka yi maganar mutuncin ɗan Adam.

To, a nan nake so ku tsaya tare da ni, domin abin yana ci mini rai. Wannan mai maganar mutunci bai taɓa yarda baƙar fata su yi daidai da Turawa a ƙasarsu ba. Yana minista aka ɗaure Gandhi, mai fafutukar haƙƙin Indiyawan Afirka ta Kudu a lokacin. Yana firaminista, a 1921, ƴan sanda suka harbe baƙaƙe fiye da 160 a Bulhoek. A 1946 gwamnatinsa ta murƙushe yajin aikin baƙaƙen masu haƙar zinariya da ƙarfin bindiga, kuma a shekarar ce Indiya ta kai ƙarar ƙasarsa, kan wariyar da ake nuna wa Indiyawan can, gaban Majalisar Ɗinkin Duniyar da ya taimaka aka kafa.

Duk da haka, Turawan ƙasarsa da yawa suna ganin ya yi sassauci. A zaɓen 1948 suka kayar da shi, har kujerarsa ta Standerton ya rasa, suka ɗora jam'iyyar National ta Daniel Malan wadda ta kafa mulkin wariyar launin fata a hukumance. Smuts ya rasu a gonarsa kusa da Firitoriya ranar 11 ga Satumba, 1950.