Ƙurar da ke juya al'amura a kewayen jaririn tauraro

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Leiden ne, a ƙasar Holan. Ginin da kuke hangowa a bayana tsohuwar cibiyar duba taurari ce ta jami'ar garin. Tun 1633 jami'ar nan take wannan aiki, kuma a jami'ar ce Farfesa Ewine van Dishoeck ta yi suna, wadda aka ba kyautar kimiyya ta Kavli a 2018 saboda binciken sinadaran da ke tsakanin taurari. Iska na kaɗawa sosai, ku yi haƙuri da ƙarar, bari in matso jikin bango.

Tauraro yakan fara ne a cikin wani makeken gajimare na iskar gas, mai sanyin da ya kai digiri 263 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Galibinsa haidirojin ne. Ƙurar da ke ciki kuwa ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, amma ni a ganina ita ce mai gari a wurin.

Ga dalili. A irin wannan sanyi, iskar kabon monoksaid takan daskare a jikin ƙwayoyin ƙura. Ƙwayar haidirojin ta sauka a kai, ta yi ta yawo har ta ci karo da wani abu. In ta samu oksijin, ruwa ya haɗu. In ta samu kabon monoksaid, a hankali a hankali sai a samu metanol, wani sinadari mai ɗauke da kabon. A sararin da babu komai, da wuya ƙwayoyin nan su haɗu su zauna tare, sai ƙura ta ba su masauki. Wato tun tauraro bai haska ba, ƙanƙarar da ke jikin ƙurar ta riga ta cika da sinadarai.

Sai tsakiyar gajimaren ya rufta saboda nauyinsa, jaririn tauraro ya fara ɗumi. Da zafin ƙura ya kai wajen digiri 170 ƙasa da sifili, ƙanƙarar ruwa ba ta narkewa ta zama ruwa, kai-tsaye take tashi ta koma gas, ta saki duk abin da ta riƙe. A nan ne ALMA, na'urorin hangen nesa 66 da ke hamadar Atakama a Chile, suke samun abin gani. A 2012 suka gano glycolaldehyde, wani sauƙaƙan nau'in sukari, a kewayen jaririn tauraron da ake kira IRAS 16293-2422, tafiyar haske ta kimanin shekara 400 daga nan. Jaridu sun yi ta zuzuta labarin kamar an ga rai. A'a, kayan gini aka gani, tsakaninsu da halitta mai rai akwai tafiya mai nisa.

To yanzu ku saurara da kyau, nan ne wurin da ya fi burge ni. Mutum zai ɗauka hasken tauraro ne yake dukan gas ya zafafa shi. Mafi yawan hasken nan ratsa gas yake yi ya wuce. Abin da ke faruwa shi ne, hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, ya bugi ƙaramar ƙwayar ƙura, ya fisge ilaktaron, wato mitsitsin ƙwaya mai cajin lantarki, daga jikinta, ilaktaron ɗin ya fita a guje yana karo da ƙwayoyin gas. Wannan karon shi ne ɗumin. Ɗan kaɗan ne daga ƙarfin hasken yake isa ga gas ta wannan hanya, amma duk da haka a saman faifan gas da ƙura da ke zagaye jaririn tauraron, gas yakan fi ƙurar da ke cikinsa zafi nesa ba kusa ba. Can ciki kuwa, inda ƙura ta tare haske, gas da ƙura zafinsu kusan ɗaya ne.

Akwai kuma feshin gas da tauraron ke harbawa ta sama da ƙasa, da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Duk inda ya daki gajimare sai wurin ya ɗau zafi, har ƙwayoyin ƙura su farfashe.

Gas ɗin ma yana da hanyar hucewa. Kabon monoksaid da tururin ruwa da oksijin suna fitar da zafin a matsayin haske, kuma wannan hasken masana ke aunawa su san zafin wurin.

Misali ɗaya kafin batir ya ƙare. V883 Orionis jaririn tauraro ne da ya zuƙi gas mai yawa lokaci guda, haskensa ya ƙaru sosai har ya ɗumama faifansa. A 2016 ALMA ta nuna cewa iyakar da ruwa ke daskarewa a faifansa ta ja baya zuwa ninki 40 na nisan da ke tsakanin duniya da rana, alhali a tauraro irin ranarmu kusan ninki 3 ake tsammani. Duniyoyin da za su haɗu a wurin, yawan ruwan da za su samu ya danganta da inda iyakar nan ta tsaya.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, zan duba. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.